T-Bone Walker, ɗan jagoran da ya zama gwanin gitar

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji ya san yaron nan da ke riƙe wa makaho sanda. Irin wannan aiki ne marigayi T-Bone Walker ya yi yana yaro.

An haife shi a 1910 a jihar Texas ta Amurka. Yana yaro a birnin Dallas, shi ke yi wa Blind Lemon Jefferson jagora, wani makaho gwanin bulus, wato waƙar ɓacin rai ta baƙar fatar Amurka. Makaho na kiɗa, yaro na saurare yana duban yatsunsa.

Ya fitar da faifansa na farko a 1929. Daga baya ya rungumi gitar mai aiki da lantarki, yana taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, gitar tana amsa masa waƙa tamkar ɗan amshi. Waƙarsa Stormy Monday ta 1947 ce ta sa B.B. King ya nemi irin wannan gitar.

Ya rasu a Los Angeles a 1975. Jama'a, kada mu raina yaron da ke gaban makaho.