Alfred Nobel, Mai Nakiya da Ya Bar wa Masu Bincike Gado

Jama'a, ina so in ba ku labarin wani Bature wanda ya rasu tun 1896, amma har gobe dukiyarsa tana aiki. Sunansa Alfred Nobel.

An haife shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ran 21 ga Oktoba, 1833. Ubansa mai ƙera injuna ne, amma ya karye, ya tafi Rasha neman sa'a, iyalinsa suka bi shi a 1842. A can aka ɗauko wa yaron malamai har gida. Ya tashi yana jin harshe biyar, ya kuwa ba da ƙarfi ga ilmin sinadarai.

Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne wani mai da a ke kira naitirogilisarin, wanda ko bugunsa aka yi sai ya fashe. A 1864 ya fashe a ma'aikatarsu, ya kashe mutum biyar, har da ƙanensa Emil. Nobel bai fasa ba, har ya gane in an jiƙa wata irin ƙasa mai laushi da man nan, ana iya ɗaukarsa lafiya lau. Ita ce nakiyar fasa dutse, wadda aka yi masa rajistarta a 1867. Daga nan arziki ya buɗe.

Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. A 1895 ya rubuta wasiyya a Paris, ya ware yawancin dukiyarsa, wajen kurona miliyan 31 na kuɗin ƙasarsu. Ya sa a riƙa juya uwar kuɗin, ribar kuwa a raba ta biyar kowace shekara, kashi guda na wanda ya fi yin bincike mai amfani a fannin likita, ko ɗan wace ƙasa ne. Ya rasu a Italiya ran 10 ga Disamba, 1896. Waɗansu danginsa suka ta da gardama, sai a 1901 aka fara rabon.

Na farko a fannin likita shi ne Emil von Behring, Bajamushe, saboda maganin mashaƙo. A 1902 aka ba Ronald Ross, wanda ya nuna sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

A zamaninmu kyautar ta kai ga masu binciken RNA, watau ɗan aiken da ke kai wa ƙwayoyin jiki saƙon irin furotin da za su ƙera. In likita ya iya rubuta saƙon da kansa, jiki sai ya koyi yaƙi da cuta tun ba ta zo ba. Matsalar ita ce jiki yakan ɗauki baƙon saƙo abokin gaba. A 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman suka nuna yadda a ke sauya ɗan wani sashe nasa jiki ya karɓe shi. A kan wannan aka gina waɗansu alluran rigakafin korona, irin waɗanda suka iso Nijeriya a 2021. A 2023 aka ba su kyautar Nobel.

To, ga inda ni ke ganin Nobel ya bar mana sauran aiki. Kyautarsa sai bayan girbi ta ke zuwa. Ita Karikó, a 1995 jami'ar da ta ke aiki a Amurka rage mata matsayi ta yi, don ba ta samo kuɗin bincike ba. Shekara 28 ke nan tsakanin ranar wuya da ranar yabo. Da ta gaji ta bari fa? Ai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Saboda haka ina roƙon attajiranmu na Bauchi su yi koyi da Nobel, su ma wuce shi, su tallafi mai bincike tun yana shuka. Mu kuwa masu shirin zama malamai, namu shi ne mu lura da yaron nan mai yawan tambaya a aji, ko a Ƙofar Dumi ko a ƙauye, kada mu kashe masa gwiwa. Allah ya ba mu ikon yi, amin.