Dokta J. M. Dalziel (1872–1948): Likitan da Ya Taskace Sunayen Tsirranmu

An haifi John McEwen Dalziel a garin Nagpur na ƙasar Indiya a shekarar 1872, amma asalinsa mutumin Sukotland ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbura, ya kammala a 1895. Daga nan ya tafi ƙasar Sin, inda ya yi aikin asibitin mishan har zuwa 1902.

A shekarar 1905 ya kama aikin likitan gwamnati a Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa. Duk inda ya sauka, bayan duba marasa lafiya yakan shiga daji yana tsinkar ganye da furanni, yana tambayar mutanen wurin sunayensu da amfaninsu. Haka ya yi a Sakkwato da Katagum da Lardin Yola, har ƙasar Kilba, maƙwabciyar Mubi. A lokacin ita Mubi tana hannun Jamusawa.

Wannan aiki ne ya haifar da littafinsa na 1916, A Hausa Botanical Vocabulary, wanda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya. Bayan ya bar aikin gwamnati ya koma lambun Kew da ke Ingila, shi da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma. A 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa. Bishiyar hano ma da sunansa masana ke kiran ta, wato Boswellia dalzielii. Ya rasu a 1948.

Me ya sa ɗalibin Hausa zai damu da shi? Ƙwayar cutar Kandida, mai haddasa ƙaiƙayin gaba ga mata da fararen ƙuraje a bakin jarirai, ta fara bijire wa magunguna. An gano wani nau'inta mai taurin kai a Japan a 2009, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin mafiya haɗari. Saboda haka masana ke gwada saiwoyi irin na marke da baushe a ɗakin bincike. An ga alamun suna hana ƙwayar yaɗuwa, ko da yake gwajin kwalba bai zama maganin asibiti ba.

Mai binciken kuwa ba zai gane saiwar da mai magani yake nufi ba sai ta hanyar suna. Dattawan da suka san sunayen nan suna ta ƙarewa. Rubuta abin da ya rage a bakinsu, da Hausa da Fulfulde da Gude da Fali, aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe.