Dara Shikoh, yariman da ilmi ya ja wa kisa

An haifi Dara Shikoh a garin Ajmer na ƙasar Indiya a shekarar 1615. Shi ne babban ɗa namiji ga Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, kuma shi ake sa ran zai gaje shi.

To sai dai hankalinsa ya fi karkata ga ilmi. A hannun Mulla Shah ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda aka sani sosai a ƙasar Hausa.

A 1657, da taimakon malaman Hindu na Banaras, ya fassara littattafan Upanishad kimanin 50 zuwa Farisanci. A cikinsu akwai misalin kogunan da ke rasa sunayensu da zarar sun shiga teku, da na gishirin da ya narke a ruwa: ido ba ya ganinsa, amma ko'ina aka kurɓa sai an ji shi. Yariman ya ɗauki wannan daidai da abin da wasu sufaye ke kira wahdatul wujud, wato kaɗaitakar samuwa.

Ra'ayin ya zama makami ga ƙanensa Aurangzeb, wanda ya kayar da shi a yaƙin gadon sarauta. An tuhume shi da ridda, aka kashe shi a Delhi a 1659.