Sarauniya Mangu ta Lugu, da littafin da ya ɗauki sunanta

A arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin ƙasar Dankasari, akwai wani ƙauye da ake kira Lugu. Baƙon da ya ratsa shi ba zai ga ganuwa ba, ba zai ga soron sarki ba, sai bukkoki da rumbuna a gindin duwatsu. Amma kuwa a nan ne gadon sarautar da ta fi kowace daɗewa a ƙasar Arewa yake, watau sarautar Sarauniya, wadda mace kaɗai ke hawa. Cikin matan da suka riƙe ta, wadda sunanta ya fita duniya ita ce Mangu, wadda rundunar Faransa ta tarar a shekarar 1899.

Mutanen Lugu Gubawa ne, su ne masu ƙasa na farko a kwarin Dallol Mauri. Tarihin baka ya ce sarauniyarsu ta fari, 'Yar Ƙasa, daga Daura ta taso da jama'arta, suna ɗauke da wani dutse mai suna Tunguma, har dutsen ya nuna musu wurin zama. Daga baya ne Arawa suka zo, zuriyar wani ɗan sarkin Barno, suka karɓi sarautar doki da takobi, suka zauna Matankari da sauran garuruwa. Sha'anin ƙasa kuwa, da roƙon ruwa, da tsafi, da shari'ar Tunguma, aka bar wa Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji. Saboda haka iko iri biyu ne a Arewa, kowane da hanyarsa, kuma mai doki bai isa ya raina mai ƙasa ba.

Ba a naɗa Sarauniya yadda ake naɗa sarakuna. Idan mai ci ta rasu, sai a ɗauki gawarta, a tara matan zuriyar, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Daga ranar nan matar ta bar gidan miji da kasuwa da yawon biki, ta shiga ɗaki, ta yafa farin zane, aikinta kaɗin auduga da karɓar masu zuwa neman taimako. Ta wannan hanya Mangu ta hau, cikin rabin ƙarni na 19 na biyu, a zamanin da Arewa ke tsakanin Sakkwato da Kabi, ga yaƙi ga fatauci, Lugu kuwa tana riƙe da addinin kakanninta na Azna.

Ran 14 ga watan Yuni 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ƙasashen da ke tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Nasaran Faransa suka shirya runduna domin ta bi iyakar nan har Cadi, suka ba da ita ga kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, na biyun ɗan wani janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Turawan da ke ciki ba su da yawa; mafi yawan sojojin 'yan Afirka ne da aka kwaso daga yamma, ga 'yan dako da mata da bayi ɗaruruwa a bayansu. Irin wannan taro ba rijiyar da za ta ishe shi, ba rumbun da zai ƙosar da shi. Tun daga bakin Kwara, cikin watan Janairu 1899, suka fara ƙone garuruwa da kashe mutane, labarinsu yana riga su isa ko'ina.

Da suka shigo Arewa, waɗansu garuruwa suka watse, waɗansu suka ba da hatsi da ja-gora domin su tsira. Lugu da maƙwabciyarta Tongana suka ƙi. Ran 16 ga watan Afrilu 1899 aka gwabza. Mutanen Sarauniya ba su tsaya a fili ba, suka ja da mata da yara cikin kurmi mai sarƙaƙiya, maharba suka yi ta sakin kibau masu dafi daga ciki. A lissafin Nasaru da kansu, an kashe musu soja 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000, wanda ba su yi irinsa ba tun da suka taso. Sun cinna wa garin wuta, amma ba su kama Sarauniya ba. Suka wuce gabas, cikin watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ran 14 ga watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe rundunar, a Dankori kusa da Tasawa. Kafin kwana uku su cika sojojinsu suka juya musu, suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. Mutanen Arewa da yawa sun ɗauki wannan ƙarshe a kan cewa hannun Sarauniya ne ya bi su.

Mangu ta komo Lugu da jama'arta, suka sāke gini, ta ci gaba da aikinta har ta rasu a farkon ƙarni na 20. Mulkin mallaka da ya zauna bai kula da sarautarta ba. Nasara yana neman wanda zai tara haraji ya ba da 'yan aikin tilas, saboda haka masu doki ya ɗaukaka, ya kafa bariki a Dogon Dutsi, Lugu ta koma ƙauye cikin ƙauyuka. A takardun sojojin da suka yaƙe ta, har da littafin da Joalland ya buga a 1930 game da abin da ya faru a Dankori, layi kaɗan ta samu, a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta aiko musu da saƙon raini.

Shekara 81 bayan yaƙin, a 1980, wani littafi ya fito a Faris da harshen Faransanci, sunansa Sarraounia. Mawallafinsa Abdullahi Mamani, an haife shi a Gudumariya a 1932, ya tashi a Damagaram, ya shiga jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, ya yi gudun hijira na shekaru, musamman a Aljeriya, ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, ya kuma sha ɗauri a zamanin Kunce. Namiji ne, ba Ba'are ba ne, ba ɗan Azna ba ne, kuma ba da Hausa ya rubuta ba. Shi ne ya fitar da sunan Sarauniya daga Arewa, ya kai shi makarantu da gidajen rediyo.

Sai dai matar da ke cikin littafin ba ita ce tsohuwar da ke zaune a ɗaki tana kaɗi ba. Mamani ya mai da ita matashiya kyakkyawa, marainiya wadda wani aminin ubanta mai suna Dawa ya rena, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Ya ba ta masoyi jarumi, Baka. Ya sa ta ƙi zaman aure da haihuwa, ta tsaya gaban mayaƙa tana zuga su. Ya kuma mai da garinta mafakar duk wanda aka zalunta, ko wane yare yake ji, ko wane addini yake bi, abin da ya fi kama da burin ɗan Sawaba game da Nijar bisa ga Lugu ta 1899. Masu bincike da suka bi sawun labarin daga baya, irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Yamai da Elara Bertho, sun nuna nisan da ke tsakanin littafin da abin da dattawan Lugu ke faɗi. Wani abin lura kuma, babban rabon shafuffukan littafin ya tafi ne ga Voulet da rundunarsa da shawarwarin sarakunan maƙwabta. Sunan mace ne a bango, amma muryoyin maza sun fi yawa a ciki.

A nan ne gardamar take, wadda masu karatu suka daɗe suna yi: shin sanya mace a tsakiyar labari ya isa a ce labarin na mata ne, kuma namiji yana iya rubuta shi? Mamani ya nuna cewa yana iyawa, domin kafin shi babu wanda ya ba macen Nijar irin wannan matsayi a rubuce. Amma da ya tashi girmama ta, mudun maza ya ɗauko ya auna ta da shi, watau baka da kwari da filin daga. Ikon da Mangu ta riƙe a zahiri, na mai zama wuri ɗaya wadda sarakuna ke aiko wa, wadda ake jiran bakinta kafin shuka, wadda dutsen garinta ke raba gardama, bai ga labari a cikinsa ba sai kaɗan. Alhali kuwa wannan ikon ne ya sa manoma masu kibiya suka tsaya gaban bindiga a ranar da waɗansu masu dawaki suka kauce.

A cikin wannan shekara ta 1980 ɗin, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafawa littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Babu sarauniya a cikinsa, babu yaƙi. Budurwa ce 'yar Fulani da zaɓin mijinta da abin da dangi za su ce. Bayanta Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Alhaki Kwikwiyo a 1990, inda aka ga matar da miji ya kora da 'ya'yanta tana neman abin da za su ci. Waɗannan marubuta sun shiga ɗakin da Mamani ya tsaya a ƙofarsa. Ba don jinsinsu kaɗai ba, gama akwai mata da yawa da suka rubuta labarin da namiji ne ginshiƙinsa; sun dai yarda cewa abin da ke gudana a tsakar gida ya isa a yi littafi a kansa, ba sai an ɗora wa mace sulke ba.

Siffar da Mamani ya zana ita ce ta bazu. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin sinima, aka ɗauke ta a Burkina Faso zamanin Thomas Sankara, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, a 1987 kuma ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Mamani ya rasu a 1993, cikin hatsarin mota a kan hanyar Damagaram zuwa Yamai, yana tafiya karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama. An sa wa makarantar lise ta Doso sunan Sarauniya Mangu, an sa wa gidan rediyo da talabijin a Yamai sunan Sarauniya. A Lugu kuwa sarautar ba ta yanke da rasuwar Mangu ba, tarkama ta ci gaba da nuna magajiya bayan magajiya. Daga baya Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka buga littafin Lougou et Saraouniya, inda suka tattara abin da mutanen garin da kansu ke faɗi game da sarauniyoyinsu, tun daga 'Yar Ƙasa har zuwa wadda suka tarar a ɗaki tana kaɗi.