Abubakar Tafawa Ɓalewa, Mai Shaihu Umar

Da ban san Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ba sai a jikin takardar naira biyar. Ranar da malaminmu na Hausa ya raba mana wasan Shaihu Umar, ya ba ni matsayin uwar Umar, sai na ga ya kamata in san mutumin da ya ƙago wannan baiwar Allah.

An haife shi a 1912 a ƙasar Bauci, mahaifinsa bawan Allah ne mai hidima a gidan sarauta. A 1928 ya zo Kwalejin Katsina, wadda mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi muke iya zuwa mu dawo a yini guda. Ya gama a 1933, ya koma Bauci yana koyarwa a Midil. A shekarar ce aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya, ya shiga da Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, muguntar da ke cikin labarin ba da takobi take farawa ba, da baki take farawa. Fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri wurin sarki, aka kore shi. Uwar Umar kuwa, begen ɗanta da aka sace ya rufe mata ido. Wani ya yi mata daɗin baki cewa zai kai ta inda yaron yake, ta yarda domin tana so ta yarda, ya sayar da ita. Ta sha wuyar bauta har Tarabulus, ta ga ɗanta, ba ta daɗe ba ta cika. Daren da muka yi wasan kakata ta zo daga Kurfi. Da aka ɗaure ni da sarƙa sai ta rufe fuska da mayafi, har aka tashi ba ta buɗe ba.

Shi marubucin siyasa ta ɗauke shi. Ya yi karatu a Landan daga 1945 zuwa 1946, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Saboda daɗin muryarsa har Turawa na sha'awar jawabinsa. Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko cikin dare. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya, aka kai Bauci aka rufe. Allah ya jiƙansa, amin.