Huey Newton: Ɗalibin kwalejin unguwa da ya girgiza Amurka

A shekarar 1959 wani saurayi baƙar fata mai shekara 17 ya karɓi takardar kammala sakandare a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, alhali da ƙyar yake iya haɗa baƙi ya karanta shafi guda. Sunansa Huey Percy Newton. Bayan shekara 21 sai ga shi da digirin digirgir daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Duniya ta fi saninsa da kafa jam'iyyar Black Panther, wato baƙar damisa, amma abin da ya fara sauya rayuwarsa shi ne wata ƙaramar kwalejin al'umma da ta karɓe shi a lokacin da babu jami'ar da za ta dube shi.

An haife shi ranar 17 ga watan Fabrairu na shekarar 1942 a garin Monroe na jihar Louisiana, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa Walter manomi ne da ke noma gonar wasu a raba amfani, yana kuma wa'azi a coci. A shekarar 1945 iyalin suka bi sahun dubban baƙaƙen fata da ke barin kudancin Amurka saboda wariyar launin fata da rashin aikin yi, suka sauka a Oakland. Can ma talauci ya bi su. Huey ya taso yana yawan faɗa, ana yawan dakatar da shi daga makaranta, tun yana matashi kuma 'yan sanda suka san shi. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1973 ya bayyana cewa mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ya nuna masa cewa shi ba irin wanda zai iya karatun gaba da sakandare ba ne.

Wannan magana ta ƙona masa rai. Yayansa Melvin ma'abocin karatu ne, don haka Huey ya riƙa sauraren faya-fayen waƙoƙin da yayan ke ajiyewa yana bin kalmomin a rubuce. Daga nan ya ɗauki littafin Jamhuriya na masanin falsafar Girka, Aflatun, ya yi ta maimaita shi da ƙamus a gefe har ya fara ganewa. Da wannan ɗan guzuri ya tafi neman gurbin karatu.

Ƙofar da ba ta tambayar maki

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta shekara biyu da ke tsakanin sakandare da jami'a. A Kalifoniya dokarta ita ce ta karɓi duk wanda ya gama sakandare, ko wanda ya kai shekara 18, ba tare da jarrabawar tacewa ba. A zamanin Newton ba a biyan kuɗin koyarwa, sai a 1984 jihar ta fara karɓar kuɗin rajista. Wanda ya kammala yana iya neman aiki da takardarsa, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyu. Saboda haka ajujuwan suka cika da leburori, tsofaffin sojoji, matan aure da 'ya'yan talakawa da ke aiki da rana su zo karatu da yamma.

Newton ya shiga Kwalejin Birnin Oakland da ke titin Grove, a tsakiyar unguwar baƙaƙen fata, wadda daga baya ta koma Kwalejin Merritt. Ya ɗauki darussan ilimin zamantakewa, falsafa da nazarin laifuka. A waɗannan shekaru ya karanta Karl Marx kan masu jari da ma'aikata, da Émile Durkheim, Bafaranshen da ya nuna cewa ko kashe kai, wanda ake ɗauka lamari ne na mutum ɗaya, yana da nasaba da halin da al'umma ke ciki. Ya bi jawaban Malcolm X, ya kuma karanta Frantz Fanon, likitan Martinik da ya shiga yaƙin 'yantar da Aljeriya, musamman littafinsa na 1961, Les Damnés de la terre. Daga Fanon ya ɗauki ra'ayin cewa unguwannin baƙaƙen fata a Amurka tamkar ƙasashe ne da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, 'yan sanda kuma su ne sojojin mamaya.

Amfanin da ya samu a wannan karatu shi ne sauyin tambaya. A da yana ganin bashin da ya yi wa mahaifinsa katutu, duk da aiki biyu ko uku da yake yi, a matsayin ƙaddarar gidansu kawai. Yanzu ya fara tambayar wane ne ya mallaki gidajen unguwar, wa ke ɗaukar 'yan sanda aiki, kuma me ya sa yaro zai gama aji 12 bai iya karatu ba.

Sai dai karatun bai raba shi da titi ba. Shi da kansa ya amsa cewa yana fasa gidaje yana sata a lokacin da yake ɗalibi, kuma da farko ya nemi sanin doka ne don ya iya kare kansa a kotu. A 1964 an ɗaure shi wata shida bayan ya daɓa wa wani mutum wuƙa. Ya yi ta shiga kwalejin yana fita, sai a 1966 ya karɓi takardar da ake samu cikin shekara biyu. Duk lokacin da ya dawo, kwalejin ta sake karɓarsa.

Daga aji zuwa titi

A harabar kwalejin ne ya haɗu da Bobby Seale a 1962, lokacin da ɗalibai ke muhawara kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba. Su biyun sun shiga ƙungiyoyin ɗalibai baƙaƙen fata da suka matsa wa hukumar makarantar lamba ta fara koyar da tarihin baƙar fata, wanda ba ya cikin manhaja duk da yawansu a ajujuwa. Sun yi nasara, kuma daga baya Melvin Newton ya shugabanci sashen da ke koyar da irin waɗannan darussa a Merritt.

A watan Oktoba na 1966 Newton da Seale suka kafa jam'iyyar Black Panther, suka rubuta buƙatu goma. Cikinsu akwai aikin yi, gidaje masu inganci, ilimin da ke koya wa baƙar fata ainihin tarihinsa, da kawo ƙarshen cin zalin 'yan sanda. Newton ya gano cewa dokar Kalifoniya ta lokacin ta ba da damar riƙe bindiga a fili, don haka suka riƙa bin motocin 'yan sanda da bindigogi da littattafan doka, suna tsayawa daga nesa suna sanar da wanda aka kama haƙƙinsa. A 1967 majalisar jihar ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu.

Ranar 28 ga watan Oktoba na 1967 'yan sanda suka tare motar da Newton ke ciki. An yi harbe-harbe, ɗan sanda John Frey ya mutu, Newton kuma ya samu harbi a ciki. A 1968 kotu ta same shi da laifin kisa ba da shiri ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1970, aka sake shari'ar sau biyu masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya, aka janye tuhumar.

Aikin jam'iyyar da ya fi daɗewa a zukatan mutane bai shafi bindiga ba. A watan Janairu na 1969 ta fara ba yara karin kumallo kyauta a wani coci da ke Oakland kafin su tafi makaranta, shirin ya bazu zuwa birane da dama. Ta buɗe ƙananan asibitoci kyauta, ta yi wa dubban mutane gwajin cutar sikila, wadda hukumomin lafiya ba su ba muhimmanci ba a lokacin. Ta kuma kafa makarantar firamare a Oakland. Hukumar FBI ƙarƙashin J. Edgar Hoover ta sa jam'iyyar a gaba da 'yan leƙen asiri da wasiƙun bogi don haddasa gaba tsakanin shugabanninta, kamar yadda binciken majalisar dattawan Amurka ya tabbatar a tsakiyar shekarun 1970. A 1971 Newton ya raba gari da Eldridge Cleaver, wanda ke jagorantar reshen jam'iyyar na ƙetare a birnin Aljiyas.

Faɗuwa

Ba makircin gwamnati kaɗai ya durƙusar da Newton ba. Bayan fitowarsa daga gidan kaso ya faɗa shan hodar iblis da barasa, ya riƙa korar abokan tafiyarsa, har Seale ya bar jam'iyyar a 1974. A shekarar ce aka tuhume shi da harbe wata yarinya mai shekara 17, ya gudu Kyuba ya zauna har 1977. Da ya dawo an yi shari'ar sau biyu ba a cimma matsaya ba, aka yi watsi da ita. A cikin wannan hali ya ci gaba da karatu, ya samu digirin farko a 1974, ya kuma kammala na digirgir a 1980 da kundi kan yadda gwamnatin Amurka ta yaƙi jam'iyyarsa. Makarantar firamaren ta rufe a 1982 bayan zarginsa da karkatar da kuɗinta, jam'iyyar ma ta watse. Ranar 22 ga watan Agusta na 1989 wani mai sayar da ƙwaya ya harbe shi har lahira a yammacin Oakland, yana da shekara 47.

Har yau ra'ayin Amurkawa ya rabu a kansa. Wasu na tuna yaran da suka ci abinci da marasa lafiyar da aka duba, wasu na tuna waɗanda suka rasa rai ko suka ji rauni a kusa da shi. Ilimin zamantakewa ya ba shi basirar gane ciwon al'ummarsa, amma bai warkar da nasa ciwon ba. A 2021 birnin Oakland ya sa wa wani ɓangare na titin da aka kashe shi sunansa. Kwalejin Merritt, wadda aka mayar kan tudun Oakland a 1971, tana nan tana karɓar duk wanda ya kai shekara 18, ko da sakandare ta sallame shi hannu rabbana.