YITZHAK RABIN: SOJAN DA YA RASA RANSA WAJEN NEMAN SALAMA

Duk wanda ya sami zarafin zuwa ziyara Ƙasa Mai Tsarki, jirginsa yakan sauka a filin jirgin sama na Ben Gurion, kusa da wani gari da ake kira Lod. Garin nan shi ne Lidda da muka sani cikin Ayyukan Manzanni, inda Bitrus ya warkar da Iniyasu. Daga nan sai mota ta haura da shi zuwa Urushalima ta wata hanya da ta ratsa tsakanin duwatsu, in kuwa ya duba gefen hanyar zai ga kwarangwal ɗin waɗansu tsofaffin motoci masu sulke waɗanda aka bari domin tunawa da yaƙin 1948. Garin nan da hanyar nan duka biyu suna cikin tarihin mutumin da za mu duba yau, wato Yitzhak Rabin, wanda ya yi shekara 27 yana aikin soja, ya shugabanci Isra'ila sau biyu, a ƙarshe kuma ɗan'uwansa Bayahude ya harbe shi saboda ya yi sulhu da abokan gāba.

YARON DA YA SO AIKIN RUWA

An haife shi a Urushalima ran 1 ga watan Maris 1922, lokacin da ƙasar take hannun Turawan Ingila. Sunansa Yitzhak shi ne Ishaku a bakinmu. Mahaifinsa Nehemiya ɗan asalin Yukren ne, mahaifiyarsa Rosa kuwa daga Belarus ta fito, dukansu kuma 'yan ƙungiyar ma'aikata ne. A Tel Abib ya girma. Mahaifiyarsa ta rasu a 1937, a shekarar kuma ya shiga makarantar koyon aikin gona ta Kadoorie da ke gindin Dutsen Tabor a Galili. Yaro ne mai kunya, marar yawan magana, burinsa kuwa shi ne ya zama injiniyan ruwa, gama a ƙasarsu ruwa ya fi kome tsada. Ya gama makaranta a 1940, har ya sami damar tafiya Amurka ƙaro ilimi, amma yaƙin duniya na biyu yana ci, sai ya zauna. A 1941 ya shiga Palmak, rundunar mayaƙan Yahudawa. A 1946 Turawa suka kama shi, suka tsare shi wajen wata biyar.

HANYAR URUSHALIMA DA LIDDA

Sa'ad da yaƙi ya ɓarke a 1948, Rabin yana da shekara 26 aka ba shi shugabancin rundunar Harel. Larabawa sun tare hanyar da ke hawa Urushalima, Yahudawan birnin kuwa ba abinci, ruwa ma sai an auna. Aikin rundunarsa shi ne ta buɗe hanyar, ta raka ayarin motocin abinci. Sun yi hasarar samari da yawa a wurin, har ya tsufa yana tunawa da su.

Akwai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba. A watan Yuli na shekarar, sojojin Isra'ila suka ci Lidda da Ramla, aka kuma kori Larabawan garuruwan, mutum wajen dubu 50 ko fiye. Rabin ne ya sa hannu a kan takardar umarnin fitar da mutanen Lidda. Suka fita da ƙafa cikin zafin bazara, tsofaffi da mata da yara, waɗansu suka mutu a hanya saboda ƙishi da gajiya. Da ya rubuta tarihin rayuwarsa ya faɗi abin da ya faru, hukuma ta cire wurin daga littafin, amma a 1979 wata jaridar Amurka ta buga shi. Falasɗinawa ba su manta da Lidda ba har yau.

A shekarar 1948 ɗin ne ya auri Leya, suka haifi 'ya'ya biyu, Daliya da Yubal.

YAƘIN KWANA SHIDA

A 1964 ya zama babban hafsan sojojin Isra'ila. A watan Mayu 1967 Masar ta tara sojoji a Sina'i, ta rufe wa jiragen ruwan Isra'ila hanya. Nauyin abin ya yi wa Rabin yawa, har jikinsa ya gaza, ya kwanta kwana guda kafin ya koma bakin aiki. Yaƙin ya fara ran 5 ga watan Yuni, ya ƙare ran 10. Cikin kwana shidan nan Isra'ila ta ƙwace Sina'i da Gaza daga Masar, ta ƙwace Tuddan Golan daga Suriya, ta kuma ƙwace Yammacin Kogin Urdun da gabashin Urushalima daga Jodan. Ran 7 ga wata Rabin ya shiga tsohon birnin tare da ministan tsaro Moshe Dayan, ta ƙofar da Kirista ke kira Ƙofar Istifanas.

Nasarar ta ɗaukaka sunansa ƙwarai, amma ta zo da nawayarta. Isra'ila ta wayi gari tana mulkin Falasɗinawa wajen miliyan guda waɗanda ba sa son mulkinta, ita kuma ba ta ɗauke su 'yan ƙasa ba. Wannan ita ce matsalar da ta ci sauran rayuwarsa.

DAGA BARIKI ZUWA MULKI

Ya tuɓe kayan soja a 1968, aka tura shi jakada Amurka har 1973. Da Golda Meir ta sauka a 1974, jam'iyyar ma'aikata ta zaɓe shi Firayim Minista, shi ne kuwa na farko da aka haifa a ƙasar da ya hau wannan kujera. A ƙarshen watan Yuni 1976 'yan fashin jirgin sama suka kai wani jirgin Faransa Entebbe ta ƙasar Yuganda, zamanin Idi Amin. Rabin ya ba da izini sojoji suka yi tafiyar kilomita wajen 4,000 da dare, suka ceto mutum fiye da 100.

A 1977 aka gano cewa shi da matarsa suna da ajiyar dala a wani banki a Amurka tun lokacin jakadanci, dokar Isra'ila ta lokacin kuwa ta hana. Rabin ya ƙi barin matarsa ta ɗauki laifin ita kaɗai, ya janye daga shugabanci. Mutanensa sun daɗe suna tuna masa wannan hali.

Ya dawo ministan tsaro daga 1984 zuwa 1990. A watan Disamba 1987 Falasɗinawa suka yi bore, wanda ake kira Intifada, matasa suna jifan sojoji da duwatsu. Rabin ya amsa da ƙarfi da dūka da kamu, aka kashe mutane da yawa, aka karya waɗansu, duniya kuma ta yi tir. Shekaru suka wuce boren bai mutu ba. A nan ne tsohon sojan ya gane cewa rundunar da ta ci ƙasashe uku cikin kwana shida ba za ta iya tilasta wa jama'a guda su yarda da mulkin da suka ƙi ba.

HANNUN DA YA MIƘA

Ya sāke zama Firayim Minista a 1992, yana da shekara 70. Lissafinsa na soja ne. Tarayyar Sobiyat da ke ba Larabawa makamai ta rushe a 1991, ƙungiyar PLO ta Yasir Arafat ta raunana bayan Yaƙin Tekun Fasha, shi kuwa ya fi jin tsoron Iran da Iraƙi nan gaba. Ya ga gara a shirya da maƙwabta tun da sauran dama. Aka yi ta ganawa a asirce a birnin Oslo. Ran 9 ga watan Satumba 1993 PLO ta amince da kasancewar Isra'ila, Isra'ila kuma ta amince PLO ce wakiliyar Falasɗinawa. Ran 13 ga wata, a fadar shugaban Amurka Bill Clinton, Arafat ya miƙo hannu. Duk wanda ya ga hoton ya ga yadda Rabin ya ɗan dakata kafin ya miƙa nasa. Ba ƙaunar Arafat yake yi ba, bai kuwa ɓoye ba. Abin da ya riƙe shi ne, da maƙiyi ake yin sulhu, gama aboki ba ya bukatarsa.

A watan Mayu 1994 aka miƙa wa hukumar Falasɗinawa Yariko da yawancin Gaza. Ran 26 ga watan Oktoba na shekarar aka sa hannu a kan yarjejeniyar salama da Jodan ta Sarki Husaini, wadda a cikinta Isra'ila ta yi alkawarin ba Jodan ruwa kowace shekara. Yaron Kadoorie ya komo kan batun ruwa ke nan a tsufansa. A zamanin gwamnatinsa ne kuma Isra'ila da fadar Paparoma suka ƙulla zumunci, a ƙarshen 1993. A 1994 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Arafat da Shimon Peres.

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yi murna. A watan Fabrairu 1994 wani Bayahude ya harbe Musulmi 29 suna salla a Kogon Makfela a Hebron, inda kabarin Ibrahim yake. Ƙungiyar Hamas kuma ta shiga tayar da bama-bamai cikin motocin haya, tana kashe Yahudawa. Falasɗinawa da yawa sun ce ba a ba su kome ba, gama Rabin bai yi musu alkawarin cikakkiyar ƙasa ba, bai yarda a raba Urushalima ba, matsugunan Yahudawa kuma suna ta ƙaruwa. A gefen Isra'ila kuwa masu hamayya suka riƙa kiransa maci amana a tarurruka, har aka zana hotonsa da kayan sojan Hitila. Yarjejeniya ta biyu ta 1995 da ƙyar ta wuce a majalisa, ƙuri'a 61 da 59.

DAREN 4 GA NUWAMBA

Ran Asabar da dare, 4 ga watan Nuwamba 1995, mutum fiye da dubu 100 suka taru a wani dandali a Tel Abib domin goyon bayan sulhu. Rabin ya yi jawabi, aka kuma yi waƙar salama, shi da bai iya waƙa ba ya sa baki, ya naɗe takardar waƙar ya sa a aljihu. Bai sa rigar sulke ba. Yana sauka zuwa motarsa sai wani ɗalibin aikin lauya mai shekara 25, Yigal Amir, ya harbe shi ta baya. Ya cika a asibiti a daren, yana da shekara 73. Da aka ciro takardar nan daga aljihunsa, ta jiƙe da jini. Amir ya ce shari'ar addini ce ta halatta masa, tun da Rabin yana ba da ƙasar alkawari ga baƙi. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

An binne Rabin ran 6 ga wata a Dutsen Herzl a Urushalima. Sarki Husaini, wanda sojojinsa suka yi yaƙi da na Rabin a 1967, ya tsaya a wurin jana'izar ya yi makokinsa kamar na ɗan'uwa. Shugaba Husni Mubarak na Masar ma ya zo.

ABIN DA YA BARI

Yarjejeniyar Jodan tana nan har yau, ko da yake ta sha girgiza. Baitalami ta koma hannun hukumar Falasɗinawa kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti na 1995, bisa ga takardar da ya amince da ita. Amma babban aikin bai kammalu ba. Wa'adin shekara biyar da aka ɗiba ya cika a 1999 ba a daidaita ba, bore na biyu ya tashi a 2000, harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya kuma suka ci rayuka dubbai. Masana suna gardama har yanzu ko da ya rayu da ya kai sulhun gaci.

'Yan'uwa, akwai abu biyu da ya kamata mu riƙe. Na fari, mutumin nan hannunsa ba wanke yake ba, Lidda shaida ce, amma abin da ya aikata jiya bai hana shi juyawa a tsufansa ba. Na biyu, kafin harsashi ya same shi, baki ne ya fara yanka masa wuya. Watanni aka yi ana zaginsa a dandali, waɗansu kuma suna neman hujja cikin addini, har aka sami saurayin da ya ɗauki maganar da gaske. Duk mai tsayawa gaban jama'a ya yi magana, sai ya tuna akwai matasa suna sauraro. Ubangiji ya ba Urushalima da dukan mazaunan ƙasar nan salama, mu ma ya ba mu.